Darasi na Bakwai: Rama da Yadda Take Sauya Fuska

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. faɗin abubuwan da ke ba fuska cikarta, da abin da ke samun su idan mutum ya rame;
2. lissafa ma'aunin nauyi da tsawo, ya san ko nauyinsa ya gaza;
3. bambance ramar gaske da sirantakar gado da ƙarewar ruwan jiki;
4. gane alamomin tamowa a fuskar yaro;
5. bayyana haɗarin maganin ƙiba, da hanyar da ta dace a bi a maido da jiki.

Gabatarwa

Idan mutum ya tashi daga jinya ko ya dawo daga ci-rani, kafin ya gama amsa gaisuwa za a ce masa, "Kai, ka faɗa!" Ba wanda ya ɗora shi a kan sikeli, fuskarsa kawai aka duba. Babbar riga da hijabi suna rufe hannu da ciki da ƙafa, amma fuska a fili take. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma labarin abinci da lafiya ma yakan fito a wurin. Sai dai fuska takan ruɗi mai kallo. Akwai mai siririyar fuska da ke cikin ƙoshin lafiya, akwai kuma mai cikakkun kumatu da ke bakin mutuwa. Don haka a wannan darasi za mu koyi duba fuska, sannan mu koyi tabbatar da abin da muka gani ta hanyar awo.

1. Me ke cika fuska?

Abu huɗu ne suka haɗu suka ba fuska siffarta: ƙashi, tsoka, kitse da fata. Ku ɗauki ƙashi a matsayin gado, tsoka da kitse su ne katifa, fata kuwa zanen gado. Idan katifa ta lotse, zanen zai yamutse, kuma za a riƙa ganin shatin katakon da ke ƙasa.

Kitsen fuska ba a shimfiɗe yake bai ɗaya ba. Dunƙule-dunƙule ne, kowanne da mazauninsa: akwai na saman kunci, akwai wani can ciki tsakanin kunci da haƙoran turame, akwai na gefen goshi, akwai wanda ya kewaye ƙwayar ido a cikin gurbinta. Dunƙulen cikin kunci ya fi girma a jikin jarirai, shi ne ke taimaka musu wajen tsotson nono, shi ya sa kumatunsu suke ɓulɓul.

Ku gwada wannan yanzu a cikin aji. Ku ɗora yatsu biyu a gefen goshi, tsakanin ƙarshen gira da saman kunne, ku cije haƙora. Za ku ji wani abu ya taso a ƙarƙashin yatsunku. Tsokar tauna ce. Ku sauko da yatsun zuwa kusurwar muƙamuƙi, ku sake cijewa, za ku ji wata. Waɗannan tsokoki biyu suna cikin abin da ke cika gefen fuska, kuma likitoci sukan duba ta gefen goshin idan suna zargin tsokar mutum ta fara narkewa.

> Akwatin kalmomi
> Rama: raguwar kitse da tsokar jiki har nauyi ya yi ƙasa da yadda ya kamata.
> Tsoka: naman da ke motsa gaɓoɓi. Furotin ne ke gina shi.
> Kitse: ajiyar ƙarfi da jiki ke tarawa a ƙarƙashin fata da cikin ciki.
> Kalori: ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki.
> Furotin: sinadarin gina jiki, wanda ake samu a wake, gyaɗa, nono, ƙwai, kifi da nama.

2. Abin da ke faruwa idan jiki ya fara cin kansa

Jiki ba ya tsayawa da aiki don an rasa abinci. Zuciya za ta buga, huhu zai ja numfashi, ƙwaƙwalwa za ta nemi rabonta. Idan abin da ke shiga ciki bai kai abin da ake ƙonawa ba, sai jiki ya koma kan ajiyarsa. Da farko yakan cinye ɗan sukarin da ke ajiye a hanta, wanda ba ya wuce na kwana ɗaya ko makamancin haka. Daga nan sai kitse, kuma tare da kitsen yana gutsurar tsoka.

A hannu ko cinya, raguwar kitse kaɗan ba ta cika nunawa ba. A fuska kuwa abin da ke tsakanin fata da ƙashi ba shi da kauri, saboda haka ɗan abin da ya ragu sai ya fito fili. Kumatu sukan lotsa, ƙashin da ke ƙarƙashin ido ya tsaya tsaye. Gefen goshi yakan yi rami. Idanu su zurma, kewayensu ya yi duhu, domin fatar wurin tana cikin mafi siranta a jiki duka, ga kuma inuwar da ramin ke jefawa. Layukan da suka sauko daga gefen hanci zuwa gefen baki su ƙara zurfi. Hanci da kunnuwa da haƙora sai a ga kamar sun ƙara girma, alhali suna nan yadda suke, abin da ke kewaye da su ne ya janye. A ƙasa kuma ƙashin wuya ya fito. Wannan ne dalilin da ya sa ramamme yakan yi kama da wanda ya girmi shekarunsa.

An taɓa bin wannan sauyi daki-daki. Tsakanin 1944 da 1945, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, wani masani mai suna Ancel Keys ya jagoranci bincike a kan maza 36 masu lafiya da suka yarda a rage musu abinci zuwa kusan rabi na tsawon makonni 24. Sun rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Fuskokinsu sun zabge, gashinsu ya riƙa zuba, sanyi ya dame su, ransu ya riƙa ɓaci, ba su da tunani sai na abinci. Da yawansu kuma ƙafafunsu sun kumbura. Da aka zo farfaɗo da su, an ga cewa ƙarin ƙwayoyin bitamin bai yi wani tasiri ba matuƙar abincin bai wadata ba. Isasshen abinci ne ya dawo da su, shi ma sai da aka ɗauki watanni masu yawa. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi idan mun zo batun maganin ƙiba.

3. Fata, gashi, leɓe da ido

Wanda abincinsa ya gaza ba ƙarfi kaɗai yake rasawa ba, yana rasa sinadaran da ke gyara jiki. Kowane rashi da inda yake nunawa.

Fata takan bushe, ta rasa sheƙinta, ko an shafa mai ba ta jimawa ta sake yin furu-furu. Gashi yakan yi laushi da gautsi, ya riƙa biyo mataji. Zubar gashin ba ta zuwa nan take, sai bayan wata biyu ko uku da fara ciwo ko yunwa, shi ya sa mata da yawa suke ɗora laifin a kan man kitso ko mai kitso.

Ku ja fatar ƙasan ido a hankali ku duba cikinta a gaban madubi. A jikin mai lafiya ja ce. Idan ta ɗashe ta yi fari, alamar ƙarancin jini ce, wanda yakan biyo bayan rashin sinadarin ƙarfe a abinci, ko zazzaɓin cizon sauro, ko tsutsar ciki, ko zubar jini wajen haihuwa. Tsagewar kusurwoyin baki da harshe mai santsi da zafi sukan nuna ƙarancin ƙarfe ko bitamin B. Dasashi mai zubar jini yakan zo da ƙarancin bitamin C, ko da yake rashin wanke baki ma yana kawo shi. Ƙarancin bitamin A kuwa yana busar da ido, ya kawo dundumi, wato mutum ya kasa gani sosai da magariba ta yi. A jikin yaro wannan na iya kaiwa ga makanta idan aka yi sakaci.

4. Awo ya fi kallo

Ma'aikatan lafiya suna da lissafi mai sauƙi na sanin ko nauyin baligi ya dace da tsawonsa. Suna kiransa BMI a taƙaice.

> Akwatin kalmomi
> Ma'aunin nauyi da tsawo: a auna tsawo da mita, a ninka shi da kansa, sannan a raba nauyi na kilo da abin da aka samu.
> Ƙarancin nauyi: sakamakon da ya gaza 18.5, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne. Ƙasa da 16 rama ce mai tsanani.

*Misali na farko.* A ce wani manomi a tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa ga aikin noma ya yi yawa. Tsawonsa mita 1.72, nauyinsa kilo 52. A ninka 1.72 da 1.72, an samu 2.96. A raba 52 da 2.96, an samu 17.6. Nauyinsa ya gaza, kuma ramin da ke gefen goshinsa gaskiya ya faɗa.

*Misali na biyu.* Wata budurwa ce ƙawayenta suka dama da cewa ba ta da kumatu. Tsawonta mita 1.55, nauyinta kilo 47. A ninka 1.55 da 1.55, an samu 2.40. A raba 47 da 2.40, an samu 19.6. Nauyinta daidai yake. In aka duba za a tarar mahaifiyarta ko gwaggonta ma haka fuskarsu take.

Ga mafi ƙarancin nauyin da ya kamata baligi ya samu, don wanda lissafin ya yi wa wuya:

- tsawo mita 1.50: kusan kilo 42
- tsawo mita 1.60: kusan kilo 47
- tsawo mita 1.70: kusan kilo 53 da rabi
- tsawo mita 1.80: kusan kilo 60

Ba a amfani da waɗannan lambobi ga yara ko mai juna biyu. Akwai kuma abin da lissafin ba ya kamawa, wato saurin ramar. Wanda ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata shida zuwa shekara ba tare da niyya ba, ya je asibiti, ko da sakamakonsa bai gaza 18.5 ba. Mai kilo 60 da ya koma 54 cikin wata huɗu ya rasa kashi 10 cikin 100, kuma wannan ba abin jira ba ne.

5. Inda fuska ke ruɗi

Sirantakar gado ita ce ta farko, mun gan ta a misali na biyu. Mai irin wannan jiki yana cin abinci, yana aikinsa da ƙarfi, nauyinsa ba ya sauka, idonsa da fatarsa garau. Ba shi da ciwon da za a yi wa magani.

Ta biyu ƙarewar ruwan jiki ce. Rama takan ɗauki makonni ko watanni, amma mai amai da gudawa idanunsa na iya zurmawa daga safe zuwa yamma. Bakinsa ya bushe, fitsari ya ragu, in aka tsunkuli fatar cikinsa aka saki ba ta komawa da sauri. Wannan gaggawa ce. A ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti. In babu, a zuba ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri, a shafe ba a tula ba, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi ana kan hanyar asibiti.

Ta uku ta tsofaffi ce. Idan haƙora suka zube, ƙashin muƙamuƙi yakan ragu, kumatu su faɗa ciki ko da nauyi bai sauka ba. Amma kada a tsaya nan. Tsohon da ba ya iya tauna yakan bar nama da ƙuli-ƙuli da duk abu mai tauri, ya koma koko zalla, daga nan ramar gaske ta biyo. Mai kula da tsoho ya riƙa tambaya, "Baba, me ka iya ci yau?" sannan ya duba kwanon da idonsa.

6. Fuskar yaro mai tamowa

A nan ne kuskuren duba fuska ya fi tsada, domin yaro ba ya da ajiya mai yawa.

Tamowa mai tsanani iri biyu ce. A ta farko yaro yakan ƙanjame, haƙarƙarinsa a waje, fatar ɗuwawunsa ta yi yawa ta saki. Dunƙulen kitsen cikin kunci yana cikin na ƙarshe da ke narkewa, don haka idan aka ga fuskar yaro ta koma irin ta tsoho, to ramar ta yi nisa ƙwarai.

A ta biyu yaro kumbura yake yi. Ƙafafu su fara, sannan hannuwa, sannan fuska ta yi tim. Gashi ya yi ja-ja ya yi laushi, fata ta riƙa saɓa, yaron ba ya wasa, ba ya son abinci, sai ƙananan koke-koke. Wata likita mai suna Cicely Williams ce ta yi bayanin wannan ciwo a rubuce a 1933, lokacin da take aiki a ƙasar da ake kira Ghana a yau, ta kuma lura yakan kama yaron da aka yaye aka bar shi da kunun masara kawai. Abin takaici, har yanzu akan ga irin wannan yaro a ce ya yi kumari.

*Misali na uku.* Wata uwa ta kai ɗanta ɗan wata ashirin gidan surukarta bayan yaye. Bayan makonni ta zo duba shi.

"Inna, ni fa ban gane wa yaron nan ba. Ba ya ko dariya."

"Haba 'yar nan, dubi kumatunsa. Ai ƙiba ya yi."

Uwar ta ɗora manyan yatsunta a bayan ƙafafunsa biyu, ta danna, ta ƙirga ɗaya, biyu, uku, ta ɗaga. Wurin ya lotsa bai taso ba, a ƙafa ta dama da ta hagu. Ruwa ne, ba kitse ba. Yaron da aka ga haka a jikinsa asibiti za a kai shi a ranar.

> Akwatin kalmomi
> Tamowa: ciwon rashin isasshen abinci mai gina jiki, musamman ga yara.
> Awon damtse: auna kaurin tsakiyar damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da tef mai launi uku. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne. Daga 12.5 zuwa sama kore ne.

Maganin tamowa yana nan. Yaron da ke iya cin abinci kuma ba shi da wani ciwo akan ba shi kwaɓin gyaɗa da madara da mai da sukari na cikin fakiti, ya ci a gida ana duba shi duk mako. A 2005, lokacin matsalar abinci a Nijar, an yi wa dubban yara magani da shi a yankin Maraɗi, kuma wannan aiki yana cikin abin da ya nuna wa duniya cewa ba kowane yaro ne sai an kwantar ba. Fakitin magani ne na wannan yaron shi kaɗai. Raba shi da 'yan uwansa ko sayar da shi a kasuwa zalunci ne.

Akwai kuma cutar da ya wajaba a ambata, domin fuskar take ci kai tsaye. Ita ce noma, mai zaizaye baki. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓi. Takan fara da kumburin dasashi da zubar jini da warin baki mai ƙarfi, sannan kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki ya yi baƙi ya huje. Mafi yawan yaran da ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi, waɗanda suka rayu kuma su tashi da tabon da ke hana su ci da magana. A farkonta kuwa maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai kyau suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti na musamman don wannan cuta tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan Nijeriya ta jagoranci neman hakan. Ku riƙa buɗe bakin yaranku kuna dubawa.

7. Me ya jawo ramar?

Rashin isasshen abinci shi ne sanadin da kowa ya sani, ga kuma aiki mai nauyi da shayarwa da haihuwa kusa-kusa. Amma mutum na iya ramewa alhali tukunya ba ta sauka a gidansu. Tarin fuka yana ramar da mutum, tare da tari na mako biyu ko fiye, da zazzaɓi da gumin dare. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Nijeriya, kuma ana shan maganin wata shida. Mai ciwon suga yana ci yana sha yana yawan fitsari, amma yana zabgewa. Idan sashen nan na gaban wuya, wanda kumburinsa ake kira maƙoƙo, ya yi aiki fiye da kima, mutum yakan rame da bugun zuciya da gumi da rawar hannu, idanunsa kuma su firfito maimakon su zurma. Akwai tsutsar ciki, da daɗaɗɗiyar gudawa, da ciwon daji, da ƙanjamau, da shaye-shaye. Damuwa ma tana rufe ciki, kamar yadda ake gani ga wanda aka yi wa rasuwa ko matar da ke cikin ƙuncin aure. Wasu 'yan mata kuma da gangan suke ƙin abinci don tsoron ƙiba, har wani gashi mai laushi ya tsiro musu a kumatu. Wannan ciwo ne, faɗa ba ya warkar da shi.

Ba a gane ko ɗaya daga cikin waɗannan da ido. Masu nuna ramamme da baki suna raɗa cewa yana da ciwon zamani suna ɗaukar alhaki, kuma tsoron bakinsu ne ke hana mutane da yawa zuwa gwaji.

8. Maganin ƙiba

A wurinmu cikar kumatu alamar hutu ce. Amarya in ta zo ganin gida ba ta murje ba, sai a fara tambayar ko mijin ba ya ciyar da ita. Wannan matsin ne ke tura 'yan mata da matan aure kemis da kasuwa neman ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe.

Yawancin waɗannan ƙwayoyi abu biyu ne. Ɗaya maganin ƙaiƙayi da atishawa ne da ke buɗe ciki ya sa barci. Ɗayan, wanda ya fi haɗari, shi ne deksametazon da danginsa, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa don asma da kumburi, da awo kuma na ƙayyadadden lokaci. Wadda ta ɗauki makonni tana sha, fuskarta za ta cika ta yi zagaye, wannan gaskiya ne. Amma ruwa ne jiki ya riƙe, da kitsen da ya taru a fuska da bayan wuya da ciki, yayin da tsokar hannu da cinya take narkewa. Fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, ƙuraje su feso, wasu har gashi ya tsiro musu a haɓa. A ciki kuma ga hawan jini, ga ciwon suga, ga gyambon ciki, ga raunin ƙashi, ga garkuwar jiki ta faɗi. Idan tarin fuka ne ya jawo ramar tun farko, maganin zai rufe alamar ya bar cutar tana ci.

Wadda ta riga ta daɗe tana sha kada ta daina rana ɗaya. Jikinta ya rage yin nasa sinadarin mai kama da wannan magani, yankewa kwatsam na iya jawo jiri da amai da faɗuwar jini har da mutuwa. Ta ɗauki kwalin ta kai wa likita, ta faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ta yi tana sha, a riƙa rage mata sannu a hankali. Mai sayar da wannan magani ga lafiyayyar yarinya don ta yi kumatu, kuɗinsa ba na halas ba ne a ganina.

9. Yadda ake maido da jiki

A fara da neman sanadi a magance shi. Sannan a sani babu abincin da ke tafiya kumatu kai tsaye, babu kuma man shafawa da ke cika su. Fuska tana cika ne idan jiki duka ya cika.

Ƙarin kalori 300 zuwa 500 a rana kan abin da aka saba ya isa baligi ya riƙa ƙaruwa a hankali, kamar rubu'i zuwa rabin kilo a mako. Wannan ba ya buƙatar abincin kanti. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori kusan 120. Gyaɗa giram 100 ta haura kalori 550. Mai ƙaramin ciki ya ci sau biyar ko shida kaɗan-kaɗan: kunun gyaɗa da ƙosai da safe, fura da nono da hantsi, shinkafa da wake da mai da rana, awara ko dabino ko kantun riɗi da la'asar, tuwo da miyar kuka ko zogale da aka daka wa busasshen kifi da dare. Ƙwai da hanta in an samu. Kada a cika ciki da ruwa kafin ci, kuma a raba shayi da abinci, domin shayi yana rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jini. Aikin ƙarfi daidai gwargwado yana sa ƙarin ya zama tsoka.

Ga yara, nonon uwa zalla har wata shida, sannan a ci gaba da shayarwa tare da kunu mai kauri. Wani haɗi da ake koya wa iyaye mata a arewacin Nijeriya shi ne gwangwani shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne sama-sama a niƙa tare. A kai su rigakafin ƙyanda, a karɓi ɗigon bitamin A duk wata shida.

Gargaɗi ɗaya: wanda ya rame matuƙa, babba ko yaro, ba a ɗura masa abinci mai yawa lokaci guda. Zuciyarsa ta yi rauni, kuma cika ciki kwatsam na iya kashe shi. A asibiti ake fara ciyar da irinsa, kaɗan-kaɗan.

Tambayoyin bita

1. Faɗi abubuwa huɗu da suka haɗu suka ba fuska siffarta. Waɗanne biyu ne ke raguwa idan an rame?
2. Me ya sa rama ta fi saurin nunawa a fuska fiye da cinya?
3. Wata mata tsawonta mita 1.65, nauyinta kilo 45. Lissafa ma'auninta. Nauyinta ya gaza ko daidai ne?
4. Wani tela nauyinsa ya sauka daga kilo 70 zuwa 63 cikin wata biyar. Kashi nawa cikin 100 ya rasa? Wace shawara za ka ba shi?
5. Ta yaya za a bambance zurmawar ido ta rama da ta amai da gudawa?
6. Bayyana yadda ake gwada ƙafar yaro don gane kumburin tamowa.
7. Faɗi alamomi uku na farkon cutar noma.
8. Me ya sa bai kamata wadda ta daɗe tana shan sha-ka-fashe ta daina rana ɗaya ba?
9. Tsara abincin yini guda na mai son ƙara nauyi, daga abin da ake samu a kasuwar garinku.

Aikin gida: Kafin zama na gaba, kowa ya je asibiti mafi kusa ya auna nauyinsa da tsawonsa, ya yi lissafin a littafinsa. Mai yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ya tafi da shi a auna masa damtse.